Neman kalma: me za mu kira "sensory processing" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ranar Alhamis zan miƙa fassarar takardar horar da malaman yara masu matsalar koyo, kuma "sensory processing difficulties" ta tsaya mini a wuya. Ido lafiya, kunne lafiya, amma ƙwaƙwalwa ba ta daidaita saƙon da suke kawo mata. Wani yaron ana kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin tebur, ɗinkin wuyan riga ma jin sa yake kamar ƙaya. Wani kuwa ya fasa gwiwa jini na zuba bai sani ba, yana ta juyi kamar katantanwa. Na rubuta "matsalar ji", na goge.

Malamar Aji: Gara da kika goge, iyaye za su ɗauka kurumta ce. In kuwa bakin wani ya suɓuce ya ce "rashin ji", an gama da yaron, bulala ce za ta biyo baya. Da ma abin da ake ce musu kenan.

Ɗan Nahawu: Ai "ji" ɗin ne ya cika kaya. Ka ji wari, ka ji zaƙi, ka ji sanyi, ka ji Hausa, gani kaɗai ya ware. Mu ƙera suna kamar mabuɗi da mabuɗai: majiyi, majiyai. "Rikicewar majiyai." An gama.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Malam, majiya a kunnen mai sauraro ita ce wadda ta tsegunta labari. "Rikicewar majiyai" sai ka ce kanun labaran siyasa.

Ɗan Nahawu: Majiyi daban, majiya daban.

Almajirin Zaure: Me ya kai mu ƙira alhali akwai "hissi", akwai "mariskai biyar", wato gani da ji da sansana da ɗanɗano da taɓawa? Malamai sun daɗe da su.

Ɗan Nahawu: Allah gafarta Malam, mu guje wa Turanci mu faɗa Larabci? Harshen da ke da miliyoyin masu magana ya rasa sunan abin da ke jikinsa?

Almajirin Zaure: To cire "nahawu" daga sunanka tukuna. Har "kalma" da kake nema aro ce.

Ɗan Nahawu: Wancan aro ya kwana biyu ya zama ɗan gida.

Malamar Aji: Don Allah ku dawo, baiwar Allah tana da Alhamis. Kuma "biyar" ɗin ma ba ta isa ba. Akwai wanda ke can cikin kunne mai riƙe mutum kada ya faɗi, akwai na tsoka da gaɓɓai da ke gaya maka inda hannunka yake ko ido a rufe, akwai na cikin jiki mai sanar da yunwa da ƙishi da fitsari. Yaron da ke danna fensir har ya karye, sau da yawa na tsokar nan ne. A. Jean Ayres, wadda ta kafa nazarin a Amurka, na cikin kunne da na tsoka da na taɓawa ta fi mayar da hankali a kai a littafinta na 1972. Kuma kada ki sa "cuta". Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, bai lissafa ta cuta mai zaman kanta ba, cikin alamomin otizim, lalurar da ke shafar mu'amala da magana tun yarinta, ya ambace ta.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Ni rabin na biyu, wato "processing", ya fi damuna. "Sarrafa" ta yi kama da masana'anta. "Tace" fa? Rariyar wani tana barin komai ya wuce, ta wani ta toshe. Uwa za ta gane wannan nan take.

Mai Fassara: Wannan ya zauna mini. Zan sa "wahalar tace saƙonnin jiki", in bi ta da misalin yaran nan biyu. Mariskai zan ajiye wa shafin malamai.

Almajirin Zaure: Ƙara da haske daga waje suke zuwa, ta yaya suka zama saƙon jiki?

Mai Fassara: Jikin ne ya ɗauko su, Malam. In an samu wadda ta fi kafin daren Laraba, zan canza.

Ɗan Nahawu: Kalma huɗu a wurin biyu. To shi kenan, amma ki sa majiyai ko a ƙasan shafi ne.