Yadda za a cire silab ɗaya daga tsakiyar daɓen tsakar gida

Abu Khadija: Assalamu alaikum magina. Tsakar gidana an shimfiɗe ta da silab ɗin siminti masu santimita 50 kowane gefe. Guda ɗaya a tsakiya ya lotsa, ruwa na kwanciya a kai idan an yi wanki. Ta yaya zan ɗago shi ba tare da na fasa na kusa da shi ba? Ina so in mayar da shi, don irinsa ya yi wuya a kasuwa.

Baba Magini: Wa alaikumussalam Alhaji. Kafin ka taɓa komai, ka gano a kan me aka ɗora shi. Ƙwarzane tsagar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa da ƙusa. In yashi ke fitowa, a kan yashi yake, aikin rabin awa ne. In siminti ka tarar, kwaɓi ne a ƙasa. Sai ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma: in ya yi ƙarar holoƙo, ya riga ya saki kwaɓin, zai fito lafiya.

Babban aikin yana tsagar nan. Sai ka kwashe abin da ke cikinta a dukkan ɓangarori huɗu, har zurfin kaurin silab ɗin, wajen santimita 5. Yawancin waɗanda ke ɓalle gefen maƙwabta a nan suke gaggawa, su buɗe gefe biyu su fara banƙara, alhali sauran biyun na riƙe. Na yashi, tsohon sukundireba ya isa. Na siminti kuwa giranda za ka sa da faifan yankan kankare, ka bi tsakiyar tsagar a hankali. Kada faifan ya wuce kaurin silab, domin fayif ɗin ruwa ko wayar wuta kan bi ta ƙarƙashi. Ɗaure hanci, ka sa tabarau, ƙurar siminti tana illa ga huhu.

Daga nan ka zura ƙarfe mai faffaɗan baki, ka sa guntun katako a kan silab ɗin da ke bayansa, ƙarfen ya danne katakon. Ɗaga kaɗan, wani ya cusa itace a ƙasa, ka koma ɗaya kusurwar ta wannan gefen. Da ya tashi kamar yatsa uku, tura fayif ɗin ƙarfe a ƙarƙashinsa ka mirgino shi waje. Nauyinsa zai kai kilo 30, a kula da yatsu.

Injiniya Ƙarami: Baba ya gama magana, sai dai in tsagar ba ta kai santimita ɗaya ba ƙarfe ba zai shiga ba, kuma ban yarda a tilasta shi ba. Lanƙwasa rodi siriri guda biyu kamar ƙugiya, a zura su ta tsagar a gefuna masu fuskantar juna, a juya su kama ƙasan silab ɗin, mutum biyu su ɗaga a miƙe.

Amma Alhaji, in ka ƙwanƙwasa ka ji ya kama daram, ka haƙura da shi. Yanka shi giciye daga kusurwa zuwa kusurwa, ka fasa da kurfi daga tsakiya, bakin kurfin na kallon ciki. Asarar guda ɗaya ta fi ta huɗu sauƙi. Za ka iya ciro wani daga bayan tankin ruwa ko lungun da ba a gani ka cike gurbin, sabon kuma ya koma can.

Abu Khadija: Na duba yanzu, siminti ne a tsagar, kuma yana ƙarar holoƙo. To mayarwar fa, Baba?

Baba Magini: Madalla, zai fito. Sai dai silab ba ya lotsawa haka kawai. Idan ka ɗaga, duba ƙasar. In jiƙe take, akwai fayif mai yoyo ko ruwan sokawe na ratsowa, a gyara wannan tukuna. In ka ga ramuka da ƙasar gara, a sa magani. In busasshiya ce mai laushi, cikon ne ba a daddale ba tun farko.

Fasa tsohon kwaɓin ka kwashe duka, har wanda ya manne a bayan silab ɗin. Zuba tsakuwa ka daddale da gungumen itace, ka bar zurfin santimita 8 zuwa 9 daga saman daɓen. Kwaɓa siminti kwano ɗaya da yashi mai kaifi kwano huɗu, ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula a hannu zai tsaya. Shimfiɗa shi ko'ina cikin ramin. Masu zuba dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su ke barin kogo a ƙasa, ruwa da tururuwa su shiga. Jiƙa bayan silab ɗin ka shafa masa ruwan siminti mai kauri, ka ɗora ya ɗan ɗara sauran tudu, sannan ka bubbuga da gudumar roba. Ɗora miƙaƙƙen katako a kansa da maƙwabtansa ta kowace fuska. Da su za ka daidaita, kada ka bi filam, wato ma'aunin da magina ke duba daidaito da shi, saboda daɓen yana da gangara zuwa magudana.

Injiniya Ƙarami: Ƙari ɗaya: kada a cike tsagar sai washegari, da siminti ɗaya yashi uku, a danna sosai a goge saman da soso nan take kafin ya yi tabo. A yi aikin da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa kwana uku. Kada a taka sai bayan kwana biyu, mota kuwa sai an yi mako guda.