Ina da galahanga, wane aiki ne zai dace da ni?

Auwalu_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 27, na yi babbar difloma a fannin akanta, na gama bautar ƙasa. Bara likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar min ina da galahanga (autism, lalurar da ke shafar mu'amala da mutane), abin da tun ina yaro ake ce wa miskilanci a gidanmu. Karatu bai taɓa ba ni matsala ba, wurin aiki ne nake shan wuya.

Yanzu ina shagon atamfa na kawuna a Kantin Kwari. Ga ƙarar janareta, ga 'yan dako suna ta "hanya, hanya", ga mutum uku suna min magana lokaci guda. Kafin azahar kaina ya ɗauki zafi, har in daina fahimtar abin da ake faɗa min. Ciniki kuma ban iya ba, in aka taya sai in tsaya kawai. Kawu ya ce ina korar masa kwastoma saboda ba na kallon idon mutane, ba na raha. Amma littafin shagon da ya ba ni na mayar da shi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, har na tono bashin da aka manta da shi tun azumin bara, kuma wannan aikin sai in wuni a kansa ban gaji ba. Intabiyu kuwa, da an ce "ba mu labarin kanka" sai in rasa ta inda zan fara.

Don Allah wa ya bi ta wannan hanyar? Ina zan dosa, kuma in gaya wa masu ɗaukar aiki lalurata ko in yi shiru?

Yaya_Hadiza:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma ina da ita, kuma a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti nake aiki. Shawarata, ka daina tambayar kanka sunan aikin, ka tambayi yanayin wurin. Akwai hayaniya? Ana ba da umarni a rubuce, ko sai dai a jefo maka da baki ana tafiya? Aikin gobe irin na yau ne? Mutum nawa ne za su riƙa katse ka? Ni da aka sa ni a tagar karɓar marasa lafiya, kuka nake yi in na koma gida. Da aka mayar da ni ciki wurin na'ura, ni da samfur da takardar ƙa'ida, sai ga shi ni ake kira in sakamako ya rikice. Asibiti ɗaya ne fa, albashi ɗaya, ɗaki ne kawai ya bambanta.

Kai ai ka riga ka ba kanka amsa da zancen littafin nan. Manyan diloli a Kwari da Singa da yawa har yanzu a littafin makaranta suke rubuta shige da ficen kaya. Roƙi kawu ya bar maka sito da lissafi, ya sa wani yaro a bakin shago. In ya ga amfanin, shi da kansa zai kai ka wurin abokansa.

Malam_Sani_Kd:

Malam Auwalu, zancen intabiyu zan taɓa. Akwai wata Ba'amurkiya mai galahanga, Temple Grandin, farfesa ce a fannin dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, ta yi suna wajen zana hanyoyin bi da shanu a mayanka. Abin da take yawan gaya wa matasa irinka shi ne su riƙe samfurin aikinsu a hannu su nuna. Ka buga shafi biyu na wannan Excel ɗin, ka goge sunayen mutane, ka aza a kan tebur ka ce ga abin da na yi. A waje ma kamfanoni irin su SAP tun 2013 da Microsoft tun 2015 suna da tsarin ɗaukar masu galahanga, inda ake ba mutum damar nuna aikinsa a aikace.

A nan gida, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Aiwatarwa dai na tafiyar hawainiya, amma ka riƙe takardar likitanka da kyau.

Yaya_Hadiza:

Malam Sani, a kan faɗa ko ɓoyewa ina da ƙarin bayani. Mutanenmu da yawa in suka ji galahanga, yaron da ba ya magana suke hangowa, wasu ma su ce taɓin hankali ne. Ni sai da na kama aiki na gaya wa shugabar sashenmu, kuma da buƙatata na fara: a rubuto min aiki, a sanar da ni da wuri in za a canza min lokaci. Daga baya na faɗi sunan lalurar.

Auwalu_Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Hadiza, ranar Juma'a bayan masallaci zan samu kawu a gida, don a shago ba ma samun natsuwar magana. Tambaya ɗaya ta rage: in wani dila ya ce in riƙe masa lissafi, da wata ake yanka kuɗin aikin, ko da yawan kayan da ke shiga sito?