Abin da aka tattauna kan ziyarar Swindon, garin jirgin ƙasa

Jama'a, zancen da aka yi kan abin da mai ziyara zai gani a Swindon ta Ingila ya yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya ce a fara da gidan tarihi na STEAM. An buɗe shi a 2000 cikin tsohuwar masana'antar kamfanin jirgin ƙasa na Great Western Railway, wadda ta soma aiki a 1843 aka rufe ta a 1986. Kada a tsaya kallon kawunan jirage kawai, a leƙa ɓangaren maƙera da kafintoci a ga kayan aikinsu.

2. A taka zuwa unguwar da kamfanin ya gina wa ma'aikatansa, gidajen dutse jere reras. Asusun lafiyarsu ya fara a 1847, ana cire kuɗin daga albashi. Ni dai wannan ya fi burge ni.

3. An sha bamban kan kantunan da suka mamaye wasu daga cikin sauran gine-ginen masana'antar. Wasu na ganin cin fuska ne ga wurin da ya ƙera Evening Star a 1960, kan jirgi mai tururi na ƙarshe da aka yi wa British Railways, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a wancan lokacin. Wasu kuwa suka ce ba don kantunan ba da tuni an rushe wurin.

4. Rabin yini ya wadatar wa gidan tarihin.