Ina ake samun tsofaffin waƙoƙin kotso cikakku?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a, dan Allah ina neman waƙoƙin Narambaɗa da na Ɗankwairo amma cikakku, ba irin wanda masu tura waƙa a waya suke bayarwa ba, an gutsure farko an gutsure ƙarshe, wani lokacin ma a liƙa sunan wani mawaƙin daban. Ni wanda aka ɗauka a fada ko wajen biki nake so, wanda za ka ji 'yan amshi suna karɓa mutane na magana a gefe. Wa ya san inda zan dosa?

Baban Khadija:
Ka faɗi abin da ke raina wlh. Gaskiya ka rabu da waya tukuna, ka nemi dattawan da suka yi sana'ar kaset a da, da yawansu sun bar harkar amma kwalayen suna nan a gida. Sai dai fa ba ranar farko za su buɗe maka ba, sai ka zauna an yi hira sun gane kai mai so ne ba mai sari ba. Ni a haka na samu wani kaset na Shata da aka ɗauka da rikoda a wajen biki, sautin ba wani kyau, amma kana jin kalangu kamar a gabanka, har muryar sanƙira tana shiga yana faɗar kyautar da aka yi, na kwana ina maimaitawa. Tun 1999 Shata ya rasu amma har yau ana tono waɗanda ba a taɓa sa wa a faifai ba.

Bagobira:
Narambaɗa ai sai ƙasar Isa, can ya yi ma Sarkin Gobir waƙa, kuma tsohin gidajen sarauta suna da abin da babu shi kasuwa. Ka gwada Rima Radio a Sakkwato da Rediyon Tarayya Kaduna, sun tara da dama. In kana da wani a Yamai ya leƙa maka gidan rediyon Voix du Sahel, don makaɗanmu sun sha ƙetarawa Nijar.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai Hajiya, ban taɓa kawo Nijar a raina ba.

Injiniya:
Shawara ɗaya, in ka samu kaset ɗin kar ka yi saurin jefa shi a rikoda, wanda ya daɗe a ajiye zaren yakan manne ya tsinke. Ka sa biro ka juya shi a hankali har ƙarshe ka dawo da shi, ka goge kan rikodar da zaren ke bi da auduga da sifirit, sannan kunnawar farko ta zama kana ɗauka a kwamfuta. Kuma dan Allah ka rubuta sunan mawaƙi da wanda aka yi wa waƙar da garin, ka tambayi mai kaset ɗin tun yana tunawa. In ka samu na Jankiɗi a hanya ka tuna da ni, kiɗan taushi nake nema ido rufe.