An rubuta mini tara: in biya a banki ko in ba wanda ya ce zai karɓo mini takarduna?

Mai Golf:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Jiya da hantsi jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, suka tsayar da ni a hanyar Kano zuwa Zariya, ban ɗaura bel ba, da aka duba lasisi kuma ya ƙare tun wata biyu. Laifina ne, ban musa ba. Sun rubuta naira 2,000 na bel, 10,000 na lasisi, suka riƙe takardun motar. Ina fitowa wani mutum ya biyo ni har wajen mai shayi, ya ce in kawo dubu bakwai ya karɓo mini takardun kafin la'asar, ba banki ba layi. Jibi zan kai Hajiyarmu asibiti, ba na so in hau titi ba takarda. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mini abin da ya gani.

Maman Ilham:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka sayi tukunyar kashe gobara tun yanzu, ni a kanta aka taɓa rubuta mini 3,000.

Direban Kwanar Gafan:
Ƙanena, kada ka ba shi ko kwabo. Irinsa ne ya kashe mini kasuwar shekara guda. Lasisina ya ƙare ana tsakiyar kakar tumatir, na ga ba ni da lokacin zuwa a ɗauki hoto da yatsu, sai na ba wani ɗan kamasho kuɗi da fasfo biyu. Kwana uku ya kawo kati, sabo fil yana ƙyalli. Wata huɗu ina yawo da shi hankali kwance. Ran nan na ɗauko lodi zan yi kudu, a wani shinge aka saka lambar a na'ura, aka ce babu ita kwata-kwata, jabu ne. Na rantse har muryata ta dishe, wa zai saurare ka? Mota ta kwana huɗu a tsare. Kun san tumatir, kwana biyu a rana ya zama ruwa. Kwanduna ne na mutum uku, amana suka ba ni. Sai da na sayar da ragunan matata biyu na rage bashin, kuma ɗaya daga cikin masu tumatirin har yau idan mun haɗu a masallaci ba ya miƙo mini hannu. Shi kuwa mutumin layinsa a kashe tun daga ranar.

Ummu Sadik:
Innalillahi. Baba, Allah ya mayar da alheri. Nawa ka ba shi?

Direban Kwanar Gafan:
Dubu talatin, 'yata. Sannan na dawo na biya na gaskiya daga baya.

Ɗan Tudun Wada:
To ai sabunta lasisi 10,350 ne na shekara uku. Da shi na yi nawa.

Abu Fatima:
Wannan tsohon farashi ne, malam. Tun watan Yunin 2025 aka mayar da shi 15,000 na shekara uku, 21,000 na shekara biyar. Kuma Mai Golf ka lura, dubu goman nan tara ce kawai, ba ta sabunta maka komai. Ka ɗauki takardar ka biya ta Remita, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, a banki ko a wayarka, ka kai rasit. Bayan haka ka je a yi maka hoto, za su ba ka na wucin gadi mai kwana 60.

Sani Sharon:
Ni 28,000 na kashe makon jiya, kuma a layi na tsaya da ƙafata, har da gwajin ido da kuɗin shagon intanet. Ku daina karanto mana farashi daga waya.

Direban Kwanar Gafan:
Ka faɗi gaskiya. Shekarata talatin da ɗaya a kan sitiyari, tun hukumar nan tana jaririya, a 1988 aka kafa ta. Wanda bai taɓa kwana a tasha ba yana jin labari ne kawai.

Abu Fatima:
Baba, da girmanka, ai shekarun ba su hana a ba ka jabu ba. Abin da na faɗa shi ne a rubuce, kuma magana ɗaya muke yi: kada ya ba ɗan kamasho.

Ɗan Tudun Wada:
Bakano ne fa, ragin dubu biyar ya gani hankalinsa ya tashi. Ko a tara sai sun nemi ragi 😂

Mai Golf:
Bazazzagi, bari in karɓo takarduna tukuna, zan dawo kanka. Amma don Allah idan na biya gobe da safe, a ranar za su ba ni?

Sani Sharon:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tarar lodi ce. Dubu goma idan ka sa mutum biyu a gaba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ka lissafa abin da tanki ke sha daga Kano zuwa Kaduna, ka cire kuɗin tasha, ka cire balas ɗin mai mota, ka gaya mini me ya rage na cefane. Ka ƙara kuɗin mota fasinja ya ce ka cika son kuɗi.

Maman Ilham:
Mu da ake matse mu a gaban fa? Ina da ciki wata bakwai aka haɗa ni da wata a kujera ɗaya, giya tana bugun gwiwata har Zariya, bel kuwa ba zancensa ma. Taya ta fashe a haka wa zai fita?

Sani Sharon:
Hajiya, da kin biya kuɗin kujera biyu ai ke kaɗai za ki zauna.

Maman Ilham:
Kujerar mutum ɗaya ce tun daga kamfani, malam. Don me zan biya ta sau biyu?