Me ya sa sauron da ya ƙoshi ba ya kula mutum?

Telan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Yau bayan asuba na je tashin yara, sai ga sauro huɗu lafe a kusurwar gidan sauronsu, daga ciki, cikinsu ya yi jajir kamar zai fashe. Na kai bayan hannuna dab da su, ko gezau. Alhali da dare ba su barin mu ko hira a tsakar gida. Nauyin ciki ne, ko hancin ne ke toshewa?

Ɗan Ƙofar Marke:
Wa ka taɓa gani ya ƙoshi da tuwo yana bin ƙamshin miya? Murƙushe sabronka ka huta, Malam.

Malamar Kimiyya, Arkilla:
Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ne. Macen ce kaɗai ke cizo, don ƙwanta ba ya nuna sai da jini. Kuma ba hanci gare ta ba, da gashin nan biyu na kanta take shinshina warin gumi, wasu 'yan ƙahonni kusa da baki kuma su kama iskar da muke fitarwa. In ta sha, kumburin ciki ne ke fara tsayar da ita. Bayan nan, yayin da ƙwai ke girma, jikinta da kansa ke dusashe mata warin mutum na kwana biyu zuwa huɗu.

Abin da ya fi burge ni, shinshinar ba mutuwa take ba, alƙibla take sauyawa. A 2013 masana a Jami'ar Banderbilt ta Amurka sun duba wannan gashi na Anofilis, mai kawo mana maleriya, suka ga bayan shan jini yana karkata ga warin wurin zuba ƙwai. Wato ta bar neman ka, ta koma neman kududdufi, ga su nan birjik da damina har fadamar Kwalkwalawa. A 2019 kuma a Jami'ar Rokafela aka ba wani jinsin sauro maganin rage cin abinci na mutane, sai ya daina neman jini kamar ya ƙoshi.

Telan Mabera:
Ikon Allah. To ashe wanda ya ƙoshi ba shi da illa ke nan, Malama?

Malamar Kimiyya, Arkilla:
A'a, kashe shi! Tana zuba ƙwai take dawowa da yunwa sabuwa. In ta kwaso ƙwayar maleriya, takan ɗauki kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ta kai yawunta, don haka cizon da za ta yi daga baya ne mai sa zazzaɓi. Wadda aka kora tana tsakar sha ma ba ta hutawa, gadon kusa take faɗawa.

Ɗan Ƙofar Marke:
Ni dai tambayata, ta ina huɗu suka shiga? Tela guda, gidan sauron 'ya'yanka da ɓula. Ɗauko allura.