Ina da juna biyu, ko zan ci gaba da cin yankakken naman kanti?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina ɗauke da cikin fari na wata biyar, kuma tun da laulayi ya sake ni babu abin da raina yake so kamar burodi da yankakken naman sanyi da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda ake yankawa fale-fale da inji a auna wa mutum, sai kuma shawarma mai sosej. Matar yayana da ke zaune a Amurka ta ce a can likitoci suna hana masu ciki cin irin wannan nama sai an ɗumama shi, domin yana iya jawo ɓari. Ni kuwa ko a makon jiya na ci, kuma daga firji na ɗauko shi na sa a burodi. Hankalina ya tashi. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma me ya kamata in yi yanzu?

Wata ungozoma:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki tukuna, domin yawancin waɗanda suka ci irin wannan nama babu abin da yake samunsu. Amma maganar matar yayanki tana da tushe. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Listeria wadda ta bambanta da sauran masu ɓata abinci, domin sanyin firji ba ya hana ta hayayyafa. An riga an dafa naman a masana'anta, amma yana iya gurɓata bayan dahuwar, a wajen yankawa ko naɗewa, kuma injin yanka guda ɗaya da ba a wanke shi da kyau ba zai iya shafa wa duk naman da ya bi ta kansa. Ƙwayar ba ta sauya warin nama ko launinsa, saboda haka shinshinawa ba ta da amfani a nan.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da cutar da kusan ninki 10, saboda garkuwar jiki tana sassautawa a lokacin goyon ciki. Uwar takan ji zazzaɓi ne kawai da ciwon jiki da kasala, wani lokaci da gudawa, amma ƙwayar tana iya ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, ta jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko mutuwar jariri a ciki. Abin da ya fi damuna a wajenmu shi ne duk zazzaɓi maleriya muke kiransa, mu aika kemis a sayo magani. Alamun kan ɗauki kwanaki, har zuwa wata biyu, kafin su bayyana. Idan kin ji zazzaɓi a cikin wannan tsakani, ko kin ga motsin yaro ya ragu, ki tafi asibiti a ranar, ki faɗa wa likita abin da kika ci, domin da gwajin jini ake gano ta, kuma tana jin magani idan an kama ta da wuri. Idan lafiyarki ƙalau, ki ambata masa a ranar awo.

Wata dattijuwa:
'Yata, mu da tsire da balangu da kilishi muka yi goyon cikinmu, Allah kuma ya sauke mu lafiya. Ina ganin wannan naman na Turawa ba dole ba ne. Ki koma kan abin da kika sani.

Ungozomar:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, akwai gaskiya a maganarki, sai dai wuta ce ta tsare ku. Tsiren da aka sauke daga wuta yana tururi, kuma ya gasu har ciki, ba shi da matsala. Wanda ya wuni a kan tire ƙuda na binsa, ko wanda tsakiyarsa take da ja, shi ma abin gudu ne, domin naman da bai dahu ba yana iya ɗauke da wata cutar, toxoplasma, mai illa ga ido da ƙwaƙwalwar jariri. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana cikin abubuwan da Listeria take bi, kuma wannan ya fi naman kanti kusa da yawancinmu.

Wata mazauniyar Johannesburg:
Ba Turawa kaɗai abin yake samu ba. A nan Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, an yi ɓarkewar wannan cuta mafi girma da aka taɓa gani a duniya: sama da mutum 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, kuma jarirai sabbin haihuwa suna da yawa a cikinsu. An bi sawu har wata masana'anta a garin Polokwane da take yin poloni, wani naman sanyi mai araha da talakawa suke sa wa yara a burodi. A leda yake, a rufe, da tambarin kamfani, saboda haka kada kyawun kanti ya ruɗe ki.

Wata mazauniyar Ingila:
Don a cika bayani, hukumar lafiya ta nan, NHS, ba ta hana dafaffen nama na cikin leda ba. Abin da ta ce a yi hattara da shi shi ne wanda aka busar da gishiri ba a dafa ba, irin salami. Amma ban ga dalilin da za ki yi koyi da mu ba, domin a nan firji ba ya mutuwa. Ana son firji ya tsaya a digiri 4 na ma'aunin Celsius ko ƙasa, alhali a gida ana iya ɗauke wuta tun safe har dare, kuma ba ki san awa nawa naman ya yi a firjin kantin kafin a tayar da janareta ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ke nan sai in haƙura da shi gaba ɗaya har in haihu? Shawarmar kuma fa?

Ungozomar:
Ba sai kin haƙura ba, zafi yana kashe ƙwayar. Ki soya naman a kasko, ko ki jefa shi cikin ƙwai ko miya, har ya yi zafin da tururi yake tashi daga tsakiyarsa, wato digiri 74, sannan ki ci a lokacin, kada ki mayar da shi firji don anjima. Ledar da aka buɗe kada ta wuce kwana 3 zuwa 5, kuma idan an daɗe babu wuta, ki zubar. Ki wanke hannu da wuƙa da katakon yanka bayan kin taɓa shi. Shawarma kuwa, gashin da ake yi mata bayan an naɗe yakan tsaya a kan burodin ne, sosej ɗin yana tsakiya da sanyinsa. Ki tsaya a gasa sosej ɗin daban a gabanki, a yanko miki naman daga wanda yake kan wuta, kuma ki ce a bar kabejin da ya daɗe a buɗe.